Laifin Koci: Waiwaye a Kan Wasan Nijeriya da Italiya, 1994

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne duba wata tsohuwar al'ada ta 'yan kallon ƙwallon ƙafa a ƙasar nan, wato ɗora wa mai horar da 'yan wasa laifi duk ranar da aka sha kashi. A garinmu Mai'adua, kamar sauran garuruwan ƙasar Daura, da wuya a tashi daga gidan kallo ba tare da an yanke wa koci hukunci ba. Da na bi sawun wannan ɗabi'a wajen magabatanmu, sai na tarar duk hirar tana komawa ga rana guda, 5 ga Yuli, 1994.

Ba a haife ni ba a lokacin. Abin da zan kawo na same shi ne daga bakin waɗanda suka ga wasan, da kuma hoton wasan da na zauna na kalla.

Clemens Westerhof mutumin Holan ne, ya karɓi ƙungiyar Nijeriya a 1989. A watan Afrilun 1994 ya ci mata Kofin Afirka a Tunisiya, bayan an doke Zambiya da ci 2 da 1. Shi ne kuma ya fara kai ta Gasar Kofin Duniya, a Amurka, inda aka lallasa Bulgariya 3 da nema, aka ci Girka 2 da nema, Ajantina kaɗai ta yi nasara a kanmu. Sai mai karatu ya tuna halin da gida ke ciki a wannan daminar: an tsare Abiola a watan Yuni, ma'aikatan man fetur sun shiga yajin aiki a farkon Yuli. Ƙwallon nan ita ce kusan abu ɗaya da ya haɗa kan jama'a, shi ya sa ciwon ya daɗe bai warke ba.

An kara da Italiya a kusa da birnin Boston. Tun kafin a yi rabin awa Emmanuel Amuneke ya jefa ƙwallo a raga. Can wajen minti na 75 aka ba Gianfranco Zola jan kati, Italiyawa suka koma su goma. Saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya rama, sannan a ƙarin lokaci ya ƙara ta biyu da fenariti, bayan Augustine Eguavoen ya kayar da Benarrivo a cikin da'ira.

Ƙarar da dattawanmu ke kai Westerhof har gobe ita ce, wai ya tsorata. Sun ce da aka ci ɗaya sai ya ja yaransa baya, aka bar Rashidi Yekini shi kaɗai a gaba kamar maraya, alhali abokan karawa sun ragu da mutum guda. Wasu ma cewa suke 'yan wasan ne suka ƙi ba Yekini ƙwallo saboda ƙyashi, maganar da ta yaɗu ƙwarai a Arewa, ganin cewa a Kaduna aka haife shi.

A ganina wannan ƙara rabinta ne gaskiya. Abin da masu ita ke mantawa shi ne dokar wancan zamani: canji biyu kacal aka yarda koci ya yi, ban da na mai tsaron gida. Daniel Amokachi, shi ma ɗan Kaduna, ya ji rauni ya fita tun kafin hutun rabin lokaci, Mutiu Adepoju ya maye gurbinsa. Jim kaɗan da dawowa hutu Amuneke ma ya fita da rauni, Thompson Oliha ya shiga. Ke nan lokacin da aka kori Zola, Westerhof ba shi da sauran canji ko ɗaya, kuma mutum biyun da ke buɗe wa Yekini hanya suna zaune a benci. To da wa zai kai harin? Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Waɗanda ya sako duka 'yan tsakiya ne, ba 'yan gaba ba, kuma wannan zaɓinsa ne. Duk wanda ya kalli mintoci goma na ƙarshe zai ga yaran suna ta 'yar gara ƙwallo a tsakaninsu tamkar an riga an tashi. Wannan ne wasansa na ƙarshe da Nijeriya.

Kada a ɗauka 'yan kallo kullum su ne a kan kuskure. A gasar 2018 a Rasha, Gernot Rohr, wanda mu mutanen bakin iyaka muka riga muka sani tun yana horar da ƙungiyar Nijar daga 2012 zuwa 2014, ya ajiye Ahmed Musa a benci a farkon wasa da Kuroshiya. Aka ci mu 2 da nema. Surutu ya yi yawa, musamman daga masoyan Kano Pillars, tsohuwar ƙungiyar Musa. Da aka fara wasa da shi a karawa da Aisland ranar 22 ga Yuni, shi ya ci duka ƙwallaye biyun. Kwana huɗu bayan haka Ajantina ta fitar da mu a minti na 86, ana neman canjaras kawai. Abin dariya, bakunan da suka zargi Westerhof da ja da baya su ne suka zargi Rohr da ƙin toshe gida.

Shi kuwa Eguavoen, wanda ya jawo fenaritin 1994, shi ne koci ranar 29 ga Maris, 2022, da Gana ta riƙe mu 1 da 1 a Abuja ta hana mu zuwa Ƙatar. A ranar 'yan kallo ba su tsaya ga baki ba, sun faɗa cikin fili sun farfasa kayan filin wasan. Kwana biyu tsakani ya ajiye aikin.