Norman Lear da Kujerar Maigida

An haifi Norman Lear a ranar 27 ga Yuli, 1922, a birnin New Haven na jihar Connecticut a Amurka, cikin gidan Yahudawa masu ƙaramin ƙarfi. Mahaifinsa, Herman, ɗan kasuwa ne mai yawon garuruwa, mutum mai kaifin harshe da dogon buri, wanda kullum yake gaya wa iyalinsa cewa arziki yana bakin ƙofa. Norman yana da shekara 9 aka kama mahaifin da laifin sayar da takardun lamuni na jabu, aka ɗaure shi shekara 3. Abin da ya fi tsaya wa yaron a rai, kamar yadda ya sha faɗa bayan ya manyanta, shi ne daren da mahaifiyarsa ta buɗe gida tana sayar da kayan ɗaki, yana tsaye yana kallon baƙi suna taya jar kujerar fata da mahaifinsa yake zama a kanta, har wani daga cikinsu ya dafa masa kafaɗa ya ce masa daga yau shi ne maigida.

A shekarun nan ne kuma ya riƙa jin Charles Coughlin, wani malamin ɗariƙar Katolika, yana zagin Yahudawa a rediyo, kuma daga nan ya san cewa a ƙasar haihuwarsa akwai masu ƙinsa alhali ba su taɓa ganinsa ba. Ya shiga Kwalejin Emerson a Boston, amma a 1942 ya ajiye karatu ya shiga sojan sama, ya yi aikin rediyo da harbi a jirgin B-17, ya tashi kai farmaki sau 52 daga Italiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya taɓa aikin hulɗa da jama'a a New York, sannan ya kwashi iyalinsa zuwa Los Angeles, inda shi da Ed Simmons, mijin wata 'yar'uwarsa, suka yi tallar gida-gida da rana, da dare kuma suna rubuta barkwanci suna neman mai saye. Danny Thomas ne ya fara saye, kuma tun farkon shekarun 1950 suka zama marubutan Dean Martin da Jerry Lewis a talabijin. A 1958 ya haɗa gwiwa da darakta Bud Yorkin suka kafa kamfanin Tandem, kuma fim ɗin Divorce American Style na 1967 ya shigar da sunansa cikin masu takarar kyautar Oscar ta rubutu. Ya doshi shekara 50 da haihuwa yana cin abinci da alƙalaminsa, amma in ban da mutanen sana'ar, ba wanda ya san sunansa.

Sai an dubi halin da talabijin ɗin Amurka yake ciki a ƙarshen shekarun 1960 kafin a gane girman abin da ya biyo baya. Ana yaƙi a Vietnam, an kashe Martin Luther King a Afrilun 1968, unguwannin baƙar fata sun yi ta ci da wuta, ɗalibai sun cika tituna. Amma da an gama labarai aka shiga wasan barkwanci, sai mai kallo ya tarar da ƙauyawan da suka tsinci arzikin mai, ko matar aure mai tsafi, a duniyar da babbar matsalarta ita ce abinci ya ƙone ga baƙo a hanya. A wannan lokaci Lear ya sami labarin wani wasa na BBC mai suna Till Death Us Do Part, wanda Johnny Speight ya rubuta, inda wani dattijo mai ƙyamar baƙi yake kwana yana wuni cikin gardama da surukinsa. Nan take ya ga kansa da mahaifinsa, ya sayi izinin mayar da labarin Amurka. Tashar ABC ta biya kuɗin kashin gwaji har sau biyu, a 1968 da 1969, kuma sau biyun ta kalla ta ja da baya. Abin da ya buɗe ƙofa a CBS lissafin kasuwa ne: shugabanta Robert Wood ya lura cewa masu ba da talla suna neman matasan birni, alhali masu kallon tasharsa tsofaffi ne da mutanen karkara, don haka ya ƙudura kawar da tsofaffin shirye-shirye ya kawo sabo.

Har ranar ƙarshe ana ja-in-ja, CBS tana so a yanke wata magana mai nuni ga kwanciyar aure, Lear kuma ya ce in aka taɓa ta ba zai dawo aiki ba, domin ya san wanda ya sassauta a ranar farko zai yi ta sassautawa har ƙarshe. A daren Talata, 12 ga Janairu, 1971, aka nuna All in the Family ba a yanke komai ba, sai dai an gabatar da shi da gargaɗi ga masu kallo. Labarin gida ɗaya ne a unguwar Queens ta New York: Archie Bunker, lebura mai lodin kaya, wanda Carroll O'Connor ya fito a matsayinsa, matarsa Edith mai haƙuri, 'yarsu Gloria, da mijinta Mike, ɗalibi mai ra'ayin sauyi da yake ci yake kwana a gidan surukinsa yana kuma ƙaryata duk abin da ya faɗa. An ɗauki wasan a gaban 'yan kallo na gaske, dariyar da ake ji tasu ce, kuma a tsakiyar falon akwai kujera ɗaya wadda ba wanda ya isa ya zauna a kanta sai Archie. Da farko masu kallo ba su da yawa. Bayan shirin ya ci kyautar Emmy a watan Mayu aka maimaita shi da bazara, sai ya hau kan gaba, ya kuma riƙe matsayi na ɗaya a Amurka shekara 5 a jere.

Daga nan ayyuka suka yi ta haihuwar juna. A Janairun 1972 NBC ta fara Sanford and Son, labarin dattijo mai sayar da gwangwan da ɗansa a unguwar Watts, tare da Redd Foxx. A Satumba aka fara Maude, kuma a Nuwamba, wata biyu kafin hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Roe da Wade kan zubar da ciki, jarumar wasan mai shekara 47 ta yanke shawarar zubar da ciki, abin da ya tayar da ƙura har tashoshi da dama suka ƙi nunawa da aka zo maimaitawa. Good Times ya zo a 1974, The Jeffersons a 1975, kuma a kakar 1974 zuwa 1975 biyar daga cikin shirye-shirye goma da aka fi kallo a ƙasar daga kamfaninsa suka fito. Wasu daga cikinsu sun iso har gidajen talabijin na Najeriya, kuma waɗanda suka tashi a birane a shekarun 1980 suna tune da su.

Nasarar ba ta zo ba tare da tabo ba, kuma tabon ya fi fitowa a Good Times, labarin talakawa baƙar fata a rukunin gidajen gwamnati na Chicago. Esther Rolle da John Amos, waɗanda suka fito a matsayin uwa da uba, sun yi ta ƙorafin cewa marubuta, galibinsu farar fata, sun mayar da babban ɗan gidan, J.J., wawan sarki domin neman dariya mai arha. Rikicin ya kai ga sallamar Amos a 1976, aka kashe uban a haɗarin mota a cikin labarin, wato aka rushe ainihin abin da Rolle ta dage a kai tun farko, gidan baƙar fata mai uba a tsaye. Eric Monte, ɗaya daga cikin baƙar fata biyu da suka ƙirƙiro shirin, ya kai ƙara a 1977 kan haƙƙin basirarsa, aka sasanta a kan dala miliyan 1. Mutumin da ya buɗe wa baƙar fata allon talabijin bai buɗe musu ɗakin rubutu daidai da haka ba.

Muhawara mafi tsawo, duk da haka, a kan Archie kansa aka yi ta. Lear ya yi imani cewa in aka fito da son zuciya fili aka yi masa dariya, zai ji kunya ya ragu. Tun a Satumban 1971 marubuciya Laura Hobson ta ƙalubalance shi a jaridar New York Times, ta ce ya yi wa ƙiyayya kwalliya, ya sa ta zama abin so. A 1974 masana biyu, Neil Vidmar da Milton Rokeach, suka tambayi masu kallo a Amurka da Kanada, suka gano cewa waɗanda dama suke da ra'ayi irin na Archie suna sha'awarsa, suna kuma ganin shi ne mai gaskiya a gardamar, su kuma masu adawa da ra'ayin suna ganin an yi masa tsiya ne. Kowa ya kalli abin da ya zo da shi. A ganina hakan ba makawa ne, domin Lear bai rubuta Archie a matsayin maƙiyi ba. Mahaifinsa ya rubuta, har da yadda yake yi wa matarsa tsawa ta yi shiru, kuma ɗa ba ya iya zana ubansa ba tare da ƙauna ta ɓullo ta wani gefe ba.

A 1975 manyan tashoshi suka keɓe sa'ar farko ta dare ga shirye-shiryen iyali, aka ɗauke All in the Family daga ƙarfe 8 na daren Asabar. Lear da ƙungiyoyin marubuta da daraktoci da 'yan wasa suka garzaya kotu, kuma a Nuwamban 1976 alƙali Warren Ferguson ya ce tsarin ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. A 1978 ya janye daga aikin yau da kullum, daga baya ya kafa ƙungiyar People For the American Way domin tunkarar masu wa'azin talabijin da suke cakuɗa addini da siyasa, kuma a 1985 shi da abokin kasuwancinsa Jerry Perenchio suka sayar wa Coca-Cola da kamfaninsu na Embassy a kan dala miliyan 485. Bai daina aiki ba: a 2017 ya farfaɗo da tsohon shirinsa One Day at a Time a Netflix da iyali 'yan asalin Kuba, a 2020 kuma ya ci Emmy yana da shekara 98. Ya rasu a Los Angeles a ranar 5 ga Disamba, 2023, yana da shekara 101.

Kujerar Archie, wadda masu shirya dandali suka sayo a shagon gwanjo da 'yan daloli, an miƙa ta tare da ta Edith ga cibiyar Smithsonian da ke Washington a 1978, kuma har yau tana cikin kayan gidan tarihin Amurka.