Tarihin Zaɓen Majalisun Larduna a Ingila: Daga Hannun Masu Filaye Zuwa Akwatin Ƙuri'a

Majalisar lardi ita ce babbar hukumar mulkin cikin gida a karkarar Ingila. A hannunta gyaran hanyoyi yake, da kula da tsofaffi da marayu, da ɗakunan karatu na jama'a, da tsarin makarantu, a wasu wuraren har da 'yan kwana-kwana. Duk bayan shekara huɗu, ranar Alhamis ta farko a watan Mayu, mutanen larduna irin su Kent da Lancashire da Devon kan fita su zaɓi kansilolinsu. Tun daga 1889 da aka fara wannan zaɓe, sakamakonsa ne ke nuna hannun da ragamar karkara take ciki: da farko masu filaye, daga baya ma'aikata da ƙungiyoyinsu, a ƙarshe manyan jam'iyyun ƙasa da masu ƙalubalantarsu.

Kafin 1889 babu wanda ake zaɓa don ya mulki lardi. Alƙalan majistare ne ke riƙe da komai, kuma sarauta ce ke naɗa su bisa shawarar wakilinta a lardin. Doka ta ce sai mai filin da ke kawo masa aƙalla fam 100 a shekara zai hau wannan kujera, saboda haka kusan dukansu manyan masu gonaki ne da limaman coci. Sau huɗu a shekara sukan taru a babban garin lardi. A zama ɗaya su yanke wa ɓarawo hukunci, su yanka harajin shekara, su ware kuɗin gyaran gadoji da gidan masu taɓin hankali da albashin 'yan sanda. Talaka yana biya, amma ba shi da ta cewa. Mutanen birane sun samu majalisun da suke zaɓa tun 1835, karkara kuwa ta ƙara fiye da shekara 50 a hannun waɗanda aka naɗa.

Abin da ya rusa tsarin shi ne faɗaɗa 'yancin ƙuri'a. A 1872 aka fara jefa ƙuri'a a asirce, ta yadda mai gona ba zai san wanda ɗan hayarsa ya zaɓa ba. A 1884 leburorin gona da masu haƙar kwal da yawa suka samu damar zaɓen 'yan majalisar dokoki. Daga nan hujja ta ƙare: mutumin da aka yarda ya zaɓi gwamnatin ƙasa, da wane dalili za a hana shi zaɓen mai gyara gadar ƙauyensu? Gwamnatin Lord Salisbury ta jam'iyyar Conservative, wadda ta dogara da goyon bayan ɓangaren Joseph Chamberlain a majalisar dokoki, ta kawo dokar ƙananan hukumomi ta 1888 ta hannun ministanta Charles Ritchie. Dokar ta kafa majalisun larduna 62 a Ingila da Wales, ta raba Yorkshire da Lincolnshire gida uku-uku, ta kuma ware manyan garuruwa 61 da za su ci gashin kansu. Wa'adin kansila shekara uku ne. Sannan kansiloli su zaɓi wasu dattawan majalisa da za su zauna tare da su shekara shida. Harkar 'yan sanda kuwa aka ɗora ta a kan kwamitin haɗin gwiwa na kansiloli da alƙalai, domin tsofaffin masu mulkin ba su yarda su saki komai gaba ɗaya ba.

An yi zaɓen farko a watan Janairun 1889, majalisun suka kama aiki ranar 1 ga Afrilu. A yawancin lardunan Ingila sakamakon bai canza zane ba. Alƙalan da suka saba mulki ne suka tsaya takara, da yawansu ba hamayya, suka koma kujerunsu da ƙuri'a. A larduna da dama mutumin da ke shugabantar zaman alƙalai shi ya zama shugaban majalisa. Dalili a bayyane yake. Ba a biyan kansila ko sisi, ana zama da rana tsaka a garin da ke da nisa, kuma lebura ba zai iya barin aikin yini ya biya kuɗin jirgin ƙasa daga aljihunsa ba. Sai a 1948 aka fara ba kansila kuɗin rage asarar ranar aikinsa.

A Wales labarin ya sha bamban. Can masu filaye mabiya Cocin Ingila ne, masu magana da Turanci, talakawa kuwa yawancinsu masu harshen Welsh ne da ke ibada a nasu ƙananan majami'u. Jam'iyyar Liberal ta lashe kusan dukkan lardunan, manoma 'yan haya da masu shaguna da fastoci suka zauna a kujerun da iyayen gidansu suka tashi. Cikin waɗanda aka zaɓa dattawan majalisar Caernarfonshire akwai wani matashin lauya, David Lloyd George, wanda ya zama firaminista a 1916.

Landan ma ta samu majalisarta ta lardi mai kansiloli 118. Ɓangaren masu neman sauyi, wanda ke da alaƙa da Liberal, shi ya yi rinjaye, Lord Rosebery ya zama shugaba na farko. A wannan zaɓe ne maganar mata ta taso. Doka ta ba matan da ba su da aure da waɗanda mazansu suka rasu damar jefa ƙuri'a idan suna biyan harajin gida, amma ba ta fayyace ko za su iya tsayawa takara ba. Lady Sandhurst ta ci kujerar Brixton, Jane Cobden ta ci ta Bow da Bromley, majalisa kuma ta zaɓi Emma Cons cikin dattawanta. Beresford Hope, wanda Lady Sandhurst ta kayar, ya garzaya kotu, alƙalai suka ƙwace kujerar suka ba shi. Jane Cobden ita ma aka ci ta tara saboda ta kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa. Mutane sun zaɓa, kotu ta soke. Sai dokar 1907 ta buɗe wa mata ƙofar majalisun larduna.

Da shigowar ƙarni na 20 aikin majalisun ya ƙaru, darajar kujerunsu ta ƙaru tare da shi. Dokar ilimi ta 1902 ta damƙa musu makarantu. Dokar 1929 ta rusa tsofaffin hukumomin kula da matalauta ta miƙa musu gidajen gajiyayyu da asibitocinsu. Wanda ya ci zaɓen lardi ya zama shi ke ɗaukar malamai, shi ke yanke yawan tallafin da iyalin marar aiki za su samu. Wannan ya jawo hankalin ƙungiyoyin ƙwadago.

A lardin Durham, arewa maso gabashin Ingila, aka ga wannan sauyi ƙarara. Ƙasa ce ta haƙar kwal, inda kusan kowane ƙauye ya ginu a bakin rami, kamfani ne da gidajen, kamfani ne da aikin. A zaɓen 1919 ƙungiyar mahaƙa ta tsayar da mutanenta a ƙarƙashin jam'iyyar Labour, suka karɓe majalisa. Wanda ya zama shugabanta, Peter Lee, tun yana ɗan shekara 10 ya fara aiki a ramin kwal. Labour ta rasa rinjaye a 1922, ta dawo a 1925, daga nan ba ta sake sakin Durham ba har kusan shekara 100. Sabon garin da aka kafa wa mahaƙa a 1948 sunansa aka sa masa, Peterlee. A Landan kuwa sai 1934 Labour ta yi nasara, da kujeru 69 cikin 124, a ƙarƙashin Herbert Morrison, ta riƙe majalisar har aka rushe ta a 1965. Amma a sauran lardunan noma an daɗe ana yin zaɓe ba tare da tutar jam'iyya ba, kujeru da yawa kuma ba a ma kai ga jefa ƙuri'a a kansu saboda ɗan takara ɗaya ne.

Tsarin ya tsallaka har ƙasashen da Birtaniya ta mallaka. A Nijeriya, dokar ƙananan hukumomi ta Jihar Gabas ta 1950 ta kwaikwayi majalisun lardunan Ingila, aka fara gwada ta a Ikot Ekpene, yayin da Arewa ta ci gaba da tsarin En'e a ƙarƙashin sarakuna.

Dokar 1972 ta gwamnatin Edward Heath ta sake zana taswira. Daga 1 ga Afrilun 1974 Ingila ta koma larduna 39 na karkara da shida na manyan birane, ban da Landan. Aka soke kujerun dattawa, wa'adi ya koma shekara huɗu, aka haɗe garuruwa da karkarar da ke kewaye da su. Haɗewar ta kawo siyasar jam'iyyu ko'ina, 'yan takara masu zaman kansu suka ragu ƙwarai. Wasu sababbin lardunan, kamar Avon da Cleveland da Humberside, ba su taɓa shiga zuciyar mazaunansu ba, aka soke su a 1996. Majalisar Babbar Landan, wadda ta gaji majalisar lardin Landan, da majalisun lardunan birane shida, waɗanda duk Labour ke riƙe da su tun 1981, gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe su a 1986 bayan doguwar taƙaddama kan kashe kuɗi.

Tun daga wannan lokaci sakamakon zaɓen larduna ya zama zakaran gwajin dafin gwamnatin da ke kan mulki. Mai jefa ƙuri'a yakan huce haushinsa na firaminista a kan kansilan unguwarsu. A 1977, Labour na mulki, Conservative ta share yawancin larduna. A 1993 reshe ya juye da mujiya: gwamnatin John Major ta sha kaye har Buckinghamshire kaɗai ta rage a hannun jam'iyyarsa. A 2009, ana tsakiyar matsin tattalin arziki da badaƙalar alawus ɗin 'yan majalisar dokoki, Labour ta Gordon Brown ta rasa Derbyshire da Lancashire da Nottinghamshire da Staffordshire. A 2013 jam'iyyar UKIP ta samu kusan kujeru 150, alamar farko ta guguwar da ta fitar da Birtaniya daga Tarayyar Turai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2016.

Yadda ake ƙirga nasara yana ƙara wa irin wannan juyi ƙarfi. An raba lardi mazaɓu-mazaɓu, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓa shi ya ci, ko da bai kai rabi ba. Idan jam'iyyu huɗu ko biyar suka raba ƙuri'u, mai kashi ɗaya cikin uku na iya kwashe mafi yawan kujeru. Ga shi kuma masu fitowa ba su cika wuce kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ba, sai in zaɓen ya zo rana ɗaya da na ƙasa, kamar a 1997 da 2001 da 2005. Ana buɗe rumfa ƙarfe 7 na safe a makaranta ko zauren ƙauye, a rufe ƙarfe 10 na dare. Mai zaɓe ya sa alamar gicciye da fensir, a kwashi akwatuna zuwa babban ɗakin wasanni, a zazzage takardu a kan dogayen tebura a ƙirga su da hannu, wakilan 'yan takara na tsaye suna kallo. Idan aka yi kankankan, doka ta yarda a raba gardama da sa'a. Haka ta faru a Northumberland a 2017: bayan an sake ƙirga ƙuri'un mazaɓar South Blyth aka tarar sun zo daidai, aka ja tsinke, 'yar takarar Liberal Democrat ta yi sa'a. Tsinken nan ya bar Conservative da kujeru 33 cikin 67, ɗaya ta rage mata ta samu rinjaye.

Zaɓen 1 ga Mayun 2025 ya kawo juyin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Jam'iyyar Reform UK ta Nigel Farage ta ci kujeru 677 da majalisu 10, ciki har da Kent da Lancashire da Lincolnshire da Staffordshire da Derbyshire da Nottinghamshire. Liberal Democrat ta karɓi Oxfordshire da Cambridgeshire da Shropshire. Cikin majalisun da aka yi zaɓe, Conservative ba ta tsira da ko ɗaya daga waɗanda take riƙe da su ba. A Durham, inda ramukan kwal na ƙarshe suka rufe a farkon shekarun 1990 kuma Labour ta rasa rinjaye a 2021, Reform UK ta samu kujeru 65 cikin 98, jam'iyyar Peter Lee ta tashi da huɗu kacal.

Duk wanda ya ci, nauyin da zai tarar iri ɗaya ne. Kuɗin da gwamnatin tsakiya ke turowa ya ragu sosai bayan 2010, yawan tsofaffin da ke buƙatar kulawa kuwa sai ƙaruwa yake, har kula da manya da yara ta cinye kaso mafi girma na kasafin kowace majalisa. Ramukan hanya da ɗakunan karatu da motocin haya na ƙauye, waɗanda su ne mai zaɓe ke gani da idonsa, da ragowar ake yi musu. A 2018 majalisar Northamptonshire ta bayyana cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, aka rushe ta a 2021 aka raba lardin gida biyu.

Yawan majalisun ma raguwa yake yi. Cikin 39 na 1974, zuwa 2025, 21 ne suka rage da tsohon tsarin hawa biyu, wato majalisar lardi a sama, majalisun gundumomi a ƙasa. Sauran sun koma tsarin hawa ɗaya, inda hukuma guda ke haɗa ayyukan duka biyun, kamar yadda Durham da Cornwall da Wiltshire suka yi a 2009. A watan Disambar 2024 gwamnatin Keir Starmer ta bayyana shirin mayar da ragowar kan wannan tsari, abin da ya sa aka ɗage zaɓen 2025 a larduna irin su Essex da Hampshire da Norfolk da Suffolk da Surrey. Sababbin hukumomin za su gaji hanyoyi da makarantu da gidajen kula da tsofaffi, su kuma gaji ƙa'idar da dokar 1888 ta kafa, cewa mai kashe harajin lardi sai ya nemi ƙuri'ar masu biyansa.