Kajin da suka buɗe ƙofar allurar riga-kafi 🧵

1/ Kun san allurar riga-kafi ta farko da aka haɗa a ɗakin bincike ba ta mutane ba ce? Ta kaji ce. Ku biyo ni Faransa, shekarar 1879.

2/ A lokacin, kwalarar kaji na ta kashe wa manoma kaji. Bakteriya ce ke kawo ta, ba bairos ba. Kaza ta fara numfashi da ƙyar, majina a baki, ga zawo. Wani sa'in ma da safe kawai za ka tarar da su a mace.

3/ Wani likitan dabbobi, Henry Toussaint, ya aika wa Louis Pasteur ƙwayar cutar. Pasteur ya gano tana hayayyafa sosai a romon kaza. Eh, romo. Idan aka yi wa lafiyayyar kaza allurar sabon romon, mutuwa take yi.

4/ Labarin da ya yi suna: wai an tafi hutu aka manta da romon, ya yi makonni a ajiye. Da aka dawo aka yi wa kaji allurarsa, suka ɗan yi laushi suka warke. Aka sake ba su sabo mai ƙarfi, ko gezau. Sabbin kajin da aka ba shi kuwa suka mutu.

5/ Ma'ana ƙwayar ta yi rauni da ta daɗe, Pasteur ya ce iska ce ta raunana ta. Ba ta iya kisa, amma ta koya wa jiki yaƙi. A 1880 ya sanar da wannan a Kwalejin Kimiyya ta Faransa.

6/ To ina sabon abu, tunda Edward Jenner ya yi na agana tun 1796? Jenner ya samu cuta mai sauƙi a jikin shanu, a shirye take. Pasteur shi ya raunana ƙwayar da hannunsa. Kenan ana iya gwadawa da wata cutar.

7/ Ya kuwa gwada: cutar antaraks a tumaki a 1881, sai cutar haukan kare a 1885, ga yaro Joseph Meister. Har aka sa wa bakteriyar kajin suna Pasteurella.

8/ Amma fa labarin mantuwar nan akwai gishiri. Pasteur ya hana iyalinsa nuna littattafan aikinsa, sai 1964 jikansa ya miƙa su ga ɗakin karatu na ƙasa. Masana tarihi da suka karanta sun ga gwaji ne na watanni, da gangan, kuma abokin aikinsa Émile Roux na da hannu sosai.

9/ Mun fi son labarin sa'a saboda ya fi daɗi. Gaskiyar kuwa mutane ne suka yi ta gwaji suna rubutawa, kaji na mutuwa suna sakewa. Mai kiwon kaji, kwalarar nan tana nan har yau, riga-kafinta ma yana nan. Ka tambayi likitan dabbobi tun kafin akurki ya yi shiru.