Yadda Kyanwa Ta Shigo Gida

A shekarar 2004 Jean-Denis Vigne da abokan aikinsa, masu nazarin kayan tarihi daga Faransa, suka wallafa labarin wani kabari da aka tono a Shillourokambos, a kudancin tsibirin Ƙubrus da ke Bahar Rum. Kabarin ya kai shekara 9,500. An binne mutum a ciki da gatarin dutse gogagge da jar ƙasa, kuma kusa da shi, tazarar da ba ta wuce santimita 40 ba, aka tarar da ƙasusuwan kyanwa mai kimanin wata takwas. Ba a feɗe ta ba, babu sawun wuƙa a ƙashinta. Kwantar da ita aka yi cikin ƙaramin rami, kanta na fuskantar inda na mutumin ke fuskanta.

Abin da ya ba kabarin nauyi shi ne, tsibirin ba shi da kyanwar daji tun asali, kuma teku ya raba shi da gaɓar Turkiyya da ta Sham. To, sai dai in wani ne ya ɗauko ta, ko ya ɗauko kakanninta, ya sa a kwalekwale ya tsallako da su. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin cusa ko da magen gida cikin kwali ya san ba aikin da ake yi da ganganci ba ne.

Kafin wannan lokaci da ’yan dubban shekaru, mutanen yankin Sham da Iraƙi da kudancin Turkiyya sun daina yawo, sun zauna wuri guda, daga baya suka kama noman alkama da sha’ir. Mai noma kuwa dole ya yi ajiya. Da ajiya ta taru, ɓera ya tare a gindinta, mai farautar ɓera kuma ya biyo sawu. Ba wanda ya zauna ya yi shawarar kiwon kyanwa. In da zaɓe ake yi ma, ba za ta shiga lissafi ba: tumaki da awaki garke suke yi, suna bin na gaba, ciyawa ta ishe su, ga nono ga nama ga fata. Ita kuwa ita kaɗai take farauta, nama take ci, ba ta jan garma, ba ta jin umarni. Abin da ya faru shi ne, cikin na dajin, waɗanda suka fi jure ganin mutum su ne suka fi samun ɓera a bakin rumbu, suka fi ƙoshi, suka fi rayar da ’ya’ya. Manomi ya ga amfani, ya kau da kai. Yarjejeniyar ke nan, kuma har yau ba a sabunta ta ba.

Wace kyanwar daji ce uwar? Wannan tambaya ta samu amsa a 2007, lokacin da Carlos Driscoll da tawagarsa suka auna ƙwayoyin gado na kyanwoyi 979, na gida da na daji, daga nahiyoyi uku. Duk na gidan, daga na Ingila har na Japan, sun faɗa dangi ɗaya: kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, mai launin toka-toka ko rairayi, mai dogayen ƙafafu da zobba a wutsiya. Tana nan har yanzu a dazuzzukan Sahel. Ita ce dangin muzurun da ke yi wa akurki ɓarna da dare, wanda Bahaushe ya sa a karin maganar zakaran da Allah ya nufa da cara. Kusancinsu da ta gida ya kai har suna barbara su haihu. A ƙasar Sin kuwa, a ƙauyen Quanhucun, an samu ƙasusuwan wata kyanwar daji ta daban da ta zauna da manoman gero wajen shekara 5,300 da suka wuce, amma wannan zaman bai ɗore ba, kuma magen Sin ta yau ba jikarta ba ce.

A Masar ne kyanwa ta tashi daga maƙwabciya ta zama ’yar gida. Zane-zanen kaburbura na zamanin Fir’aunoni sun nuna ta zaune ƙarƙashin kujerar uwargida, wani lokaci da abin wuya, tana cin kifi. A zanen kabarin Nebamun, na wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, ga ta nan cikin fadama ta damƙe tsuntsaye uku, ɗaya a baki, biyu a farce. Wani ɗan sarki mai suna Tutmos har akwatin gawa na dutse ya sa aka sassaƙa wa tasa. Masarawan suna da gunkiya mai kan kyanwa, Bastet, da babban ɗakin bautarta a Bubastis, kusa da Zagazig ta yanzu. Marubucin Girkawa Hirodotus ya ba da labarin cewa in kyanwa ta mutu a gida, mutanen gidan sukan aske girarsu don makoki. Wani marubucin, Diyodorus, ya ce ya ga taron jama’a sun far wa wani Barume da ya kashe kyanwa bisa kuskure, ko jami’an sarki ba su iya ceton sa ba.

Sai dai bai kamata mai karatu ya ɗauka gata ne zalla ba. Masu ziyarar wuraren bautar sukan sayi gawar kyanwa naɗaɗɗiya su miƙa hadaya, kuma kasuwar ta yi girman da mutuwar Allah da Annabi ba za ta wadatar da ita ba. Da aka haska irin waɗannan gawarwaki da na’urar hoton ƙashi a ƙarni na 20, sai aka ga da yawansu ’yan ƙanana ne da ba su cika shekara ba, wasu an karya masu wuya. Kiwo ake yi don sayarwa. Ƙarshen da yawa daga cikinsu ma abin takaici ne: a 1888 wani manomi ya faɗa kan makeken ramin gawarwakin a Bani Hasan, aka loda kimanin tan 19 a jirgin ruwa zuwa Libaful, aka yi gwanjon su a 1890, aka niƙa aka zuba a gona a matsayin taki.

Jirgin ruwa ne ya watsa kyanwa a duniya, domin duk jirgin da ya ɗauki hatsi ya ɗauki ɓera. Binciken Claudio Ottoni da abokansa na 2017, kan ƙasusuwa da gawarwakin kyanwoyi sama da 200, ya gano jinin na Masar har a wata tsohuwar tashar jiragen ruwa a gaɓar tekun Baltik. Wani binciken da ya fito a 2025 ya ƙara karkata ma’auni zuwa Afirka: ya nuna kyanwar gida ba ta shiga Turai sosai ba sai wajen shekara 2,000 da suka wuce, zamanin Rumawa, kuma daga Arewacin Afirka ta fito.

Musulunci ya same ta a gida, ya tabbatar mata da zama. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Kabsha ’yar Ka’abu ta zuba wa surukinta Abu Ƙatada ruwan alwala, sai kyanwa ta zo za ta sha, ya karkata mata ƙwaryar har ta ƙoshi. Da ya ga Kabsha na kallon sa da mamaki, ya shaida mata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakanin mutanen gida. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya rasu a 1277, ya bar wata gona waƙafi a Alkahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su, kuma Baturen Ingila Edward Lane ya tarar a shekarun 1830 ana zuba masu abinci kowace la’asar a harabar kotun alƙalin birnin. A daidai waɗannan ƙarnoni, a wasu sassan Turai, ana alaƙanta ta da Shaiɗan da maita. A garin Ypres na Beljiyam sai 1817 aka daina jefo kyanwoyi masu rai daga hasumiya ranar biki. Mu ma ba mu tsira sarai ba: har yau akwai gidan da in baƙar mage ta shigo da dare, sai an tashi da a’uziyya da taɓarya.

Duk wannan tsawon zamani ba wanda ya damu da siffarta. Kare ya shiga hannun mutum an juya shi, daga mai girman ɗan maraƙi har wanda za a sa a aljihu. Kyanwa kuwa ita ke zaɓen mijinta a kan katanga. Sai a 1871 Harrison Weir ya shirya babban baje kolin kyanwoyi a Crystal Palace da ke Landan, daga nan aka fara ware iri-iri ana tsare jininsu, kuma yawancin nau’o’in da ake tallatawa yanzu ba su kai shekara 200 ba. A 1947 wani ɗan kasuwa a Mishigan ta Amurka, Edward Lowe, ya fara sayar da busasshen yumɓu mai tsotse fitsari a madadin toka da yashi. Da wannan, da abincin gwangwani, da aikin hana haihuwa, aka samu abin da ba a taɓa gani ba: kyanwar da za ta rayu ta mutu ba ta taka waje ba.

A nan matsalolin kiwo suka kunno kai, domin jikin da aka kulle a ɗaki jikin maharbin hamada ne. A 1987 likitan dabbobi Paul Pion da abokansa a Jami’ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa wani ciwon zuciya da ke kashe kyanwoyi da yawa ya samo asali ne daga ƙarancin sinadarin torin a abincin kanti. Jikin kyanwa ba ya iya haɗa wadataccen wannan sinadari, a nama take samun sa, rashin sa kuma yana makantar da ita. Kamfanoni suka ƙara shi, ciwon ya ragu ainun. Wannan ya shafi tsakar gidanmu kai tsaye. Magen da ke cin ragowar tuwo da shinkafa tana rayuwa ne don tana cike giɓin da ɓera da ƙadangare. In aka kulle ta aka ci gaba da ba ta tuwo kaɗai, cutar da ita ake yi, ko da da kyakkyawar niyya. Miyar ma akwai haɗari, saboda albasa da tafarnuwa suna farfasa mata jajayen ƙwayoyin jini. Madara kuwa, wadda kowa ya ɗauka abincinta ce, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. Ga kuma gadon hamada: ba ta faye jin ƙishirwa ba, domin kakanninta daga jikin abin farauta suke samun ruwa. Mai ba ta busasshen abincin buhu sai ya kula da ruwa. In ya ga muzuru yana ta tsugunno yana yunƙuri yana kuka, fitsari bai fito ba, mafitsara ce ta toshe, kuma kwana ɗaya ko biyu sun isa su kashe shi.

Abin da ya fi saurin hallaka ta, a ganina, tausayi ne marar sani. Mage ta kwanta ba lafiya, sai a ɓallo farasitamol a jiƙa a ɗura mata. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Dasashi ya dafe, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Haka maganin kaska da ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin, haka fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki, ta taka ta lashe ƙafa. Shinkafar ɓera kuwa sau biyu take kisa, ta kashe ɓeran, ta kama wadda ta cinye shi.

Ta ɓangaren lafiyar mutum, a 1908 Charles Nicolle da Louis Manceaux suka gano ƙwayar cutar toksofilasma a Tunis, amma sai wajen 1970 aka tabbatar cewa a hanjin dangin kyanwa take hayayyafa, ta fito a kashi. Tana iya illata ɗan tayi. Sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya zama mai harbi, don haka kwashewa kullum da wanke hannu sun rage haɗarin ƙwarai, mai juna biyu kuma ta bar wa wani aikin. Ba sai an kori magen ba. Ciwon haukan kare ma yana kama ta, ana yi mata rigakafi daga wata uku, wanda ta ciza kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ya nufi asibiti. A ɗaya hannun, tsohon aikinta bai ƙare ba. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa na jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke yaɗa shi, kuma ajiye kyanwa na cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa, tare da rufe hatsi da nisanta juji daga gida.

Saura haihuwa. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, goyon cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, galibi ’ya’ya uku zuwa biyar. Uwa ce mai himma: ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta ƙeya, daga bayan randa zuwa ƙarƙashin gado, da zarar ta ga ido ya yi yawa. ’Ya’yan da aka riƙa ɗauka a hannu tsakanin mako biyu zuwa bakwai su ne ke sabo da mutum, waɗanda suka wuce wannan lokaci ba su ga hannu ba kuwa da wuya su yarda a taɓa su. Yawan haihuwar nan ne ke kai mutane ga zuba jarirai a buhu a jefar a bola. Asibitin dabbobi na yi wa muzuru fiɗiya cikin ’yan mintuna, a cire wa macen mahaifa da ƙwai, ta warke cikin kwana goma zuwa mako biyu. Muzurun da aka fiɗiye yakan rage yawon dare da faɗa da fesa fitsari a bango, kuma ba ya daina kama ɓera.