Kayan Karatu da Ɗakunan Gwaji na Ɗaliban Injiniya da Ilimin Kwamfuta a Arewacin Kamaru: Waiwaye a Kan Tarihinsu

1.0 Gabatarwa

Akwai fannonin ilimin da malami da allo da alli sun ishe su, akwai kuma waɗanda ba sa zama sai ɗalibi ya sa hannu ya taɓa. Aikin injiniya da ilimin kwamfuta suna cikin kashi na biyu. Wanda ya haddace yadda wutar lantarki take gudana a cikin waya, amma bai taɓa riƙe na'urar auna ta ba, daidai yake da wanda ya koyi iyo a tudu. Wannan takarda ta bi diddigin yadda ɗaliban waɗannan fannoni a Arewacin Kamaru suka riƙa samun littattafai da na'urori da ɗakunan gwaji, tun daga zamanin Turawan mulkin mallaka har zuwa kafa Jami'ar Garwa a shekarar 2022. Abin da ake nufi da Arewacin Kamaru a nan shi ne yankuna uku, wato Adamawa mai hedikwata a Ngaundere, da Arewa mai hedikwata a Garwa, da kuma Arewa Mai Nisa mai hedikwata a Marwa. Kafin shekarar 1983 dukkansu lardi ɗaya ne, Garwa ce kuma babban birninsa.

2.0 Kafin a Yi Jami'a

Jamusawa sun kama Garwa a shekarar 1901, sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace ta daga hannunsu a shekarar 1915, daga nan ta zama ƙarƙashin Faransa. Faransawa ba su matsa wa lamiɓɓe a kan sha'anin boko ba, 'yan mishan kuma sun fi kafa makarantunsu a kudu. Wannan labari ne da mutumin Kano ko Sakkwato ya sani sarai, domin irin abin da ya faru a Arewacin Nijeriya ke nan. Sakamakon haka, yaron da ya gama ƙaramar makaranta a Garwa, in yana son ƙari, sai ya nufi Yawunde.

Tarihin Ahmadu Ahijo kansa ya isa misali. An haife shi a Garwa a shekarar 1924, ya yi karatun farko a can, sannan ya tafi Yawunde ya shiga babbar firamare. Aikin da ya fara yi na dindindin shi ne na mai sarrafa na'urar rediyo da tangaraho a ma'aikatar gidan waya. Ke nan, ɗan arewan da ya zama shugaban ƙasa na farko a shekarar 1960 ma'aikacin na'ura ne, amma sai da ya bar gida kafin ya koyi aikinta.

Bayan samun mulkin kai ma abin bai sauya da wuri ba. An kafa jami'ar ƙasa a Yawunde a shekarar 1962, aka buɗe babbar makarantar koyon aikin injiniya, wadda ake kira Politeknik, a nan Yawunde a shekarar 1971. A shekarar ce kuma wasu ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ciki har da Kamaru da Nijar da Chadi, suka haɗa gwiwa suka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta IAI, suka ajiye ta a Libarbil ta ƙasar Gabon. Abin da Garwa ta samu a wannan tsakani shi ne makarantar horar da masu kula da namun daji, wadda aka buɗe a shekarar 1970. Makaranta ce mai suna a Afirka, sai dai ba ta yaye injiniyoyi. Abin lura a nan shi ne, masana'antun da suke bukatar injiniyoyi suna nan a arewa: kamfanin auduga na SODECOTON da aka kafa a shekarar 1974 a Garwa yake, haka ma masaƙar CICAM, ga kuma kamfanin siminti a Figil. Injuna suna arewa, makarantar koyon sarrafa su tana kudu.

3.0 Ngaundere: Ɗakin Gwaji na Farko

A shekarar 1977 gwamnati ta ƙirƙiro cibiyoyin jami'a huɗu a wajen Yawunde, kowace da fannin da aka keɓe mata: Buya, da Duwala, da Cang, da Ngaundere. Ta Ngaundere an ba ta fannin sarrafa amfanin gona da abinci. Zaɓen garin bai rasa nasaba da jirgin ƙasa ba, domin layin dogo ya iso Ngaundere a shekarar 1974, kuma a nan ya tsaya har yau. Duk wani injin mai nauyi da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Duwala yana iya isowa can ba tare da wahalar hanyar mota ba. Cibiyar ta fara aiki a shekarar 1982 a ƙauyen Dang, kimanin kilomita 15 daga cikin gari, da makarantar da aka fi sani da ENSIAAC. A wannan makaranta ne ɗalibin injiniya ya fara samun ɗakin gwaji da ƙananan injunan koyo a cikin ƙasar arewa.

Shekarar 1993 ita ce babbar mahaɗa a wannan tarihi. A watan Janairu na shekarar aka raba jami'a ɗaya tilo da ƙasar take da ita zuwa jami'o'i shida, Ngaundere ta zama cikakkiyar jami'a. ENSIAAC ta koma ENSAI, aka kuma samu cibiyar fasaha ta IUT mai sashen koyar da ilimin kwamfuta, da tsangayar kimiyya mai sashen lissafi da kwamfuta. Sai dai wannan faɗaɗa ta zo a mugun lokaci. Gyaran da ya kawo jami'o'in shi ne ya soke tallafin kuɗin da ake ba ɗalibai duk wata, ya kuma ɗora musu kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. A cikin shekarar aka zaftare albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu. Da aka shiga Janairu na 1994 kuma aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Tun da littattafan injiniya da kayan gwaji daga Faransa ake sayo su, ma'anar wannan ita ce farashinsu ya ninka cikin dare ɗaya, a daidai lokacin da aljihun uba da na malami da na jami'a suka yi ƙasa.

Daga nan ne al'adar gurza takardu ta kafu sosai. Malami ya tattara darasinsa, a buga, a gurza, ɗalibai su saya. A Faransanci ana ce da wannan polycopié, ita ce takwarar abin da ɗaliban Nijeriya suke kira handawut. Littafi ɗaya da wani ya dawo da shi daga Turai sai a yi ta ɗaukar hotonsa, ana ɗaukar hoton hoto, har zane-zanen da'irar lantarki su dushe a kasa bambance waya da waya. Tambayoyin jarrabawar shekarun baya kuwa gado ne da ake miƙa wa 'yan baya. Ba daidai ba ne a raina wannan hanya, domin da ita aka yaye mutane da dama da suke riƙe da ayyuka a yau. Illarta dai ita ce takarda ba ta iya maye gurbin darasin aiki da hannu, wanda ake kira TP a taƙaice. Inda kwamfutoci suka yi kaɗan, ɗalibi kan rubuta manhajarsa da biro a kan takarda, ya bi ta layi-layi da tunaninsa, yana jiran ranar da layi zai zo kansa ya ga ko na'ura za ta karɓa.

Intanet ta shigo Kamaru a shekarar 1997, amma ta daɗe kafin ta wadata a arewa. Shagunan shiga intanet ne suka fara cike giɓin, inda ake biya gwargwadon awa. Sauƙi na sosai bai samu ba sai da aka shimfiɗa wayar sadarwa ta gilashi zuwa arewa, kamfanonin wayar salula kuma suka kawo 3G a shekarun 2014 da 2015. Tun daga nan laburaren ɗalibi ya koma cikin wayarsa da ɗan sandan ajiyar bayanai da yake ratayawa a wuya.

4.0 Marwa

An kafa Jami'ar Marwa a watan Agusta na shekarar 2008, ta fara da babbar makarantar horar da malamai, sannan Cibiyar Nazarin Sahel, wadda take da sassa irin su na kwamfuta da sadarwa, da makamashi mai sabuntuwa, da sarrafa ruwa. A shekarar 2017 aka mayar da cibiyar Politeknik ta Marwa. Jami'ar ta yi shekaru tana karatu a gine-ginen aro da na haya a warwatse cikin gari kafin a soma komawa mazauninta na Kongola, kuma ɗakin gwaji ba abin da ake kafawa a gidan aro ba ne. Rikicin Boko Haram da ya tsananta a yankin daga shekarar 2014 ya ƙara wa lamarin nauyi.

5.0 Kwamfutocin Shugaban Ƙasa

A shekarar 2016 aka ba da sanarwar cewa Shugaba Paul Biya zai raba wa ɗaliban manyan makarantu kwamfutocin tafi-da-gidanka guda 500,000. An kira abin kyauta, amma da rancen sefa biliyan 75 daga bankin Exim na ƙasar Sin aka yi shi, kamfanin Sichuan Telecom ne kuma ya karɓi kwangilar. A cikin kuɗin har da gina cibiyoyin fasahar zamani a jami'o'in gwamnati, da haɗa su da juna. An fara rabon a watan Disamba na 2017, kowace kwamfuta ɗauke da tambarin PB HEV, ɗaliban Ngaundere da Marwa su ma suka karɓi nasu kason.

Ba a jima ba sai gardama ta tashi. Na'urar ƙarama ce, allonta inci 10 da 'yan kai, ma'ajiyar bayananta kuma gigabait 32 kacal. Da aka yi ƙorafi, sai wani jami'in ma'aikatar ilimi mai zurfi ya kare ta da cewa gigabait 32 na sabuwar fasaha daidai yake da gigabait 500 na tsohuwar. Nan take maganar ta zama abin ba'a a ƙasar, kuma ɗaliban kwamfuta ne suka fi kowa dariya, tun da sun san cewa sabuwar ma'ajiya ta fi tsohuwa sauri ne kawai, ba ta ƙara wa mudu girma. Jaridu sun kuma ba da labarin yadda wasu ɗalibai suka kai nasu kasuwa.

Adalci shi ne a raba hukuncin gida biyu. Ga ɗalibin shari'a ko na tarihi da bai taɓa mallakar kwamfuta ba, na'urar ta biya bukata: za ta buɗe littafi, za ta buga kundin kammala karatu. Ko mai koyon rubuta manhaja a shekarar farko zai iya gwada ƙananan ayyukansa a kanta, wanda ya fi biro da takarda nesa ba kusa ba. Amma ga ɗalibin injiniya da ake bukatar ya yi zanen gini ko na inji da AutoCAD, ko ya yi manyan lissafai da MATLAB, abin bai kai ba, domin Windows kaɗai ta cinye kaso mai yawa na ma'ajiyar kafin a sa komai. An yi wa kowa ɗinki da awo ɗaya, waɗanda suka fi kowa bukatar rigar kuma su ne ta fi matsewa.

Ya kamata a ambaci wata hanya da ɗalibai suka buɗe wa kansu. Akwai manhajojin da ba a biya, irin su Linux da Scilab, wadda aka ƙirƙiro a Faransa take kuma yin da yawa daga aikin MATLAB. Akwai ɗan allon lantarki na Arduino da aka fito da shi a Italiya a shekarar 2005, wanda ɗalibai biyu ko uku za su iya yin karo-karo su saya, su mayar da ɗakin kwanansu ɗakin gwaji. Arthur Zang, wanda ya yi Politeknik ta Yawunde ya kuma ƙera na'urar auna bugun zuciya ta Cardiopad, ya sha faɗin cewa ilimin lantarkin da ya yi aikin da shi daga darussan kyauta na jami'o'in Indiya ya same shi ta intanet. In haka ta kasance ga ɗalibin babban birni, ana iya kintatar halin na Dang da na Marwa.

6.0 Wuta, Zafi da Jami'ar Garwa

Duk wata na'ura da aka ambata a sama ba ta motsi sai da wuta. Wutar arewa ba a haɗe take da ta kudu ba a tsawon wannan tarihi, ta dogara ne a kan madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Sinawa ne suka gina ta tsakanin shekarun 1977 da 1982, ƙarfinta kuma megawat 72 ne. Mutanen Nijeriya sun san sunan Lagdo ne ta dalilin ambaliyar shekarun 2012 da 2022, amma mutanen Garwa sun fi saninta da ƙarancin ruwa. A shekarun 2020 da 2021 ruwan madatsar ya ja baya ƙwarai, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa a yankunan uku. Tashoshin hasken rana da kamfanin Scatec na ƙasar Nowe ya kafa a Marwa da Gidar, waɗanda aka ƙaddamar a shekarar 2023, sun rage matsalar. A kan wannan sai a ƙara zafin Garwa da yake haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu da take shiga cikin kowace na'ura. Ɗakin kwamfuta a irin wannan wuri yana bukatar na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma tana bukatar wutar da babu tabbas a kanta.

Garwa, garin shugaban ƙasa na farko kuma tsohuwar hedikwatar arewa baki ɗaya, ita ce ta zo ƙarshe a cikin manyan biranen uku wajen samun jami'a. Kafin nan rassan Jami'ar Ngaundere ne suke zaune a cikinta, kamar tsangayar koyon aikin likita da reshen tsangayar shari'a. Sai a ranar 5 ga Janairu, 2022 aka sa hannu a kan dokar kafa Jami'ar Garwa, tare da ta Bertuwa da ta Ebolowa, ta kuma fara da gine-gine da ɗaliban waɗancan rassa. Daga ranar da aka buɗe Politeknik ta Yawunde zuwa wannan rana, kusan shekara 51 ke nan.