Kamomil, furen da ke kwantar da hankali

Kamomil, wanda Larabawa ke kira babunaj, ɗan tsiro ne mai farin fure da rawaya a tsakiya. Asalinsa Turai da yammacin Asiya, amma yau Masar tana cikin manyan masu nomansa, musamman yankin Fayum. Furen ake busarwa, a jiƙa cokali guda cikin ruwan zafi minti 5 zuwa 10, a sha da dare domin samun natsuwa, barci da lafawar kumburin ciki. Sai dai ƙarfinsa kaɗan ne: idan rashin barci ya daɗe, asibiti ya kamata a nufa. Mai juna biyu, da mai shan maganin hana jini daskarewa irin warfarin, su tuntuɓi likita tukuna.