Ɗan Sarauta Da Alƙalamin Talakawa: Tafiyar Bala Usman Daga Kankiya Zuwa Fitila

Matafiyin da ya bi titin Kano zuwa Katsina ya yada zango a Kankiya, ko ya ratse gabas ya nufi Kusada, ba lalle ya san cewa ɗaya daga cikin alƙaluman da suka fi kaifi a ƙasar nan a wannan yanki aka fara fiƙe shi ba. An haifi Yusufu Bala Usman a Musawa, kudu da Kankiya, a 1945. Can ya fara elemantare, sannan aka kawo shi babbar firamare ta Kankiya, kafin ya wuce Minna, daga nan sai Kwalejin Gwamnati ta Kaduna.

Yaron ba ɗan talaka ba ne. Mahaifinsa shi ne Durbin Katsina, kakansa na wajen uba Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, na wajen uwa kuma Sarkin Kano Abdullahi Bayero. A zamanin En'e, wanda ya fito daga irin wannan gida hanyarsa a share take: ya gama makaranta, a ba shi ofis, wata rana a naɗa masa rawani. Amma a shekarun da yake tasowa ne NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta fara koya wa talaka ya tambayi inda harajinsa da jangalinsa ke tafiya. Rubutun Sa'adu Zungur da laccocin Malam Aminu Kano sun riga sun buɗe hanyar. Bala ya zo ya bi ta da wani makamin da magabatansa ba su samu sukunin wasawa kamar yadda ya wasa ba, wato binciken tarihi.

Ya karanta tarihi da kimiyyar siyasa a Jami'ar Lancaster ta Ingila, ya dawo a 1967 ya kama koyarwa a Kwalejin Barewa ta Zariya. A Jami'ar Ahmadu Bello ya haɗu da Farfesa Abdullahi Smith, ya kuma kammala digirin dakta a 1974 kan tarihin ƙasar Katsina. Aikin ya fito a matsayin littafi a 1981, yana bin diddigin sauye-sauyen masarautar daga 1400 zuwa 1883.

Duk wanda ke son ya gane jaridancin Bala sai ya tsaya a kan wannan littafi. Turawa sun daɗe suna rubuta tarihinmu kamar kokawa ce tsakanin ƙabilu: ga Haɓe can, ga Fulani nan, wannan ya ka da wancan. Bala ya koma ga rubuce-rubucen malamai da bakin dattawa, ya nuna cewa Katsina ba jini ɗaya ya gina ta ba. Manoma, makiyaya, maƙera, fatake da malamai daga sassa daban-daban ne suka taru, sana'a da kasuwa da auratayya suka narkar da su suka zama Katsinawa. Ɗan Kankiya ko Kusada ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan wannan, domin a gidansu ma zai iya ƙirga kaka Bafulatana da kaka Bahaushe. Abin da Bala ya ɗauko daga nan ya riƙe shi har ƙarshen ransa: idan aka ce maka rikici na ƙabila ne ko na addini, tambayi wa ke cin ribarsa.

Da wannan tambaya ya shiga fagen jarida. Maƙalunsa da laccocinsa suka riƙa fitowa a jaridu irin su New Nigerian, aka kuma tattara wasu a littafin For the Liberation of Nigeria a 1979. A kwamitin tsara kundin mulki da Janar Murtala ya kafa a 1975, shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi bin ra'ayin masu rinjaye, suka rubuta nasu rahoton a 1976, suna neman ilimi da lafiya da aikin yi su zama haƙƙin da talaka zai iya zuwa kotu ya nema. Gwamnatin soja ta yi watsi da shi. Sai a 2019 aka buga shi a littafi, bayan shekara arba'in da uku.

Bala ya ɗanɗana mulki a jamhuriya ta biyu, lokacin da ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin Jihar Kaduna ƙarƙashin Balarabe Musa na PRP. A wancan lokaci Katsina na cikin Jihar Kaduna, saboda haka soke haraji da jangali da gwamnatin ta yi ya isa har gonakin Kankiya da rugagen Kusada. A watan Yunin 1981 majalisa ta tsige Balarabe. Bayan 'yan makonni, ranar 10 ga Yuli, aka kashe abokin gwagwarmayar Bala Usman, Dakta Bala Muhammad, a tarzomar Kano.

Lokacin da Babangida ya kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, Bala ya fitar da littafi yana ƙalubalantar sharuɗɗan IMF, yana cewa a fara gina kasuwar cikin gida. Shi da abokansa suka kafa mujallar The Analyst, wadda ba ta jin nauyin ambaton sunan babban mutum tare da kwangilar da ya ci. Suka kuma fitar da Fitila da Hausa. A ganina, wannan ne mataki mafi daraja a duk aikinsu. Muhawarar bashin ƙasa da karyewar naira da Turanci ake yin ta a Legas da harabar jami'a, alhali mai sayen taki da kananzir shi ke biyan kuɗin. Fitila ta kai masa maganar cikin harshen da yake ciniki da shi. A 1987, shekarar rikicin Kafanchan, littafin Bala kan yadda masu hannu da shuni ke fakewa da addini ya fito. A 1989 aka kore shi daga jami'a, ya je kotu, kotu ta mayar da shi.

Bala ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Harshensa na da zafi, kuma bai ware abokan tafiya ba in ya ga sun kauce. Matsayinsa kan mallakar arzikin man fetur ya ɓata wa mutanen Neja Delta da yawa rai, wasu malaman addini ma ba su yafe masa ba. Sai dai ko mai adawa da shi ya san ba ya shiga muhawara hannu rabbana. Da takarda da kwanan wata yake zuwa.

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su ne a cibiyar bincike ta CEDDERT da ke Hanwa a Zariya, inda shi da Alkasum Abba suka wallafa littafi a 2000 suna mayar da martani ga masu cewa Najeriya haɗin gambizar Turawa ce kawai. Ya rasu a Zariya ranar 24 ga Satumba 2005, yana da shekara 60. Allah ya jiƙansa da rahama.